Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Fuskar Mahaifina a Kan Kakin Zuma

A makon jiya na tsaya da labarin ne a inda malamata, mai koya mini zane da kaki, ta yarje mini in fara narka kaki da hannuna. Abin da take aiki da shi tataccen kakin zuma ne da ake haɗawa da wani ƙaron itace da ake kira damar, wajen kashi takwas na kaki da kashi ɗaya na ƙaro, domin ƙaron ne ke sa shi tauri da sheƙi idan ya huce. Kakin kan narke a digiri 62 zuwa 64 na ma'aunin Salshiyas, kuma ba ta taɓa barin wuta ta yi masa yawa har ya yi hayaƙi, saboda hayaƙinsa na cutar da ƙirji.

A bangon ɗakin aikinta akwai hotunan fuskokin nan na Fayyum da ke ƙasar Masar, waɗanda aka zana da yawansu da kaki a kan katako a zamanin mulkin Rumawa, tsakanin ƙarni na 1 da na 3 Miladiyya, amma har yau launinsu bai dushe ba. Ganinsu ne ya sa na ɗauko hoto ɗaya tilo da ya rage mana na marigayi mahaifina, Allah Ya jiƙansa, na roƙe ta ta koya mini yadda zan mayar da shi kan kaki.

Ba ta ko taɓa ainihin hoton ba. Ta sa aka buga kwafinsa da injin fotokwafi, domin garin tawadarsa ne ke kama kaki, ita kuwa tawadar ruwa ba ta zama. An kuma juya shi kamar a madubi, don kada dama ta koma hagu. Na shafa kaki a allon katako, na bi shi da iska mai zafi har ya yi sumul, sannan na kifa takardar a kansa tun yana da ɗumi, na dinga dirzawa da bayan cokali, lungu da saƙo, har wuyan hannuna ya ƙage. Daga nan na jiƙa takardar na shiga murzawa da ɗan yatsa. Tana nannaɗewa tana zubewa, sai ga gira ta fito, sai ido, sai tabon da ke haɓarsa.

A nan ne na lura goshinsa da farar rigarsa sun koma ruwan zuma. Malama ta ce, "'Yata, inji ba ya buga fari, farin takarda kike gani, kuma ga shi kin murje ta. Duk hasken da kike so a fuskar nan, tun daga ƙasa za ki shimfiɗa shi." A ganina wannan ne ginshiƙin sana'ar baki ɗaya, kuma masu koyo sun fi yin sakaci da shi, domin hankalinsu na kan hoton alhali shimfiɗar ce ke yanke hukunci. Ni dai na zaɓi in bar shi a haka, saboda ruwan zumar ya fi kusa da hasken fatarsa kamar yadda na san shi.

Da ya bushe, malama ta karɓi na'urar iska mai zafi ta gilma masa daga nesa sau ɗaya, don tawadar ta nutse cikin kakin. Da ta daɗe, da layukan fuskar sun tsage sun watse. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kawo abin da ya faru ranar da na kai wa mahaifiyata allon.