Majigi ko allo: abin da nake dubawa kafin maigida ya kashe kuɗi

Sana'ata haɗa kayan kallo ce a nan Maraɗi: majigi, allo, lasifika da wayoyinsu. Gidajen kallon ƙwallo ne suka fara riƙe ni, amma yanzu magidanta ma na kirana, musamman masu sababbin gine-gine a unguwar Zariya da Ali Ɗan Sofo da ke son kallon Canal+ a falo da babban hoto. Kukansu kusan ɗaya ne: "Malam, hoton nan ya dushe, a samo mini sabon majigi."

Ba na yanke magana ta waya. Sai na je na ga ɗakin, kuma da rana tsaka nake zuwa, don a lokacin ne aibinsa ke fitowa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, majigi haske kawai yake jefawa, ba ya jefa baƙi. Baƙin da kake gani a hoto, allon ne da kansa a inda haske bai sauka ba. To idan rana na shigowa ta taga, wannan baƙin toka-toka zai koma, komai tsadar na'urar. Ga kuma bango. Yawancin gidajen da nake shiga, a jikin bango ake haskawa, bangon da aka shafa wa fenti mai sheƙi ruwan madara. Sai in kashe fitila, in ce, "Alhaji, matso ka gani." Ga tabon cokalin magini a goshin ɗan wasa, ga farar riga ta koma rawaya. Nan take nake warware ƙyallen allo da nake yawo da shi, yarona ya riƙe shi a rabin hoton, a saki labule mai kauri. Rabi da rabi, ido ne ke raba gardama. A irin wannan gida allo nake sayarwa, fari marar sheƙi idan ɗakin na yin duhu, mai ruwan toka idan dole sai da ɗan haske, ko da yake ribar majigi ta fi mini tsoka.

Girma ma na cin haske. Allon inci 100, wato awonsa daga kusurwa zuwa kusurwa, faɗinsa kusan santimita 221 ne. In ka ninka faɗin, hasken zai bazu a fili ninki huɗu. Sau da yawa matso da majigin gaba kaɗan ya isa ya dawo da hoton.

Amma akwai inda allo ba ya magani. Ƙananan majigai masu araha da suka cika kasuwa, a kwali an rubuta 1080p ko 4K, wato lambobin kaifin hoto, alhali wannan abin da suke karɓa ne, abin da suke fitarwa 720p ne ko ƙasa da haka. Gwajina shi ne rubutun ci da minti a kusurwar wasan ƙwallo. In gefen haruffan ya fito gaɓa-gaɓa, to majigin ne, kuma allo mai kyau ƙara tona shi zai yi. Lambar hasken da ke kwali ma ba na yarda da ita sai na ga an rubuta ANSI a gefenta, wato ma'aunin haske da aka amince da shi.

Wani lokaci kuma ba sai an sayi ko ɗaya ba. Ƙurar hunturu na toshe soson iska, na'ura ta yi zafi, hoto ya yi hazo. Ƙwan fitilar majigi kuwa yana raguwa a hankali, awa dubu kaɗan ne ƙarfinsa, kuma na'urar na ƙirga awannin da kanta, nakan buɗe in nuna wa maigida. A wanke soso, a sa sabon ƙwai, shi ke nan. Mai gidan kallo da ke kunnawa kullum shi nake ba shawarar ya koma na leza ko LED, waɗanda masu ƙera su ke cewa suna kai awa 20,000.

Abin da nake roƙon kowa a kai, Allah ya sani, shi ne wuta. Majigi mai ƙwai yana buƙatar fankarsa ta ci gaba da juyawa bayan an kashe shi, ta huce ƙwan. In NIGELEC ta ɗauke wuta ana tsaka da kallo, fanka ta tsaya cak da zafin a ciki, balle a watan Afirilu. Don haka rarar kuɗin da allo ya bar wa maigida, akwatin batir mai riƙe wuta nake sa ya saya da ita, ko da na minti goma ne, a samu a kashe na'urar yadda ya kamata.