Ƙarfe 4 na Asuba, Allura a Hannuna

Ina cikin shekarata ta biyu da fara aikin jinya abin ya faru. Na kama aiki ƙarfe 8 na safe da niyyar tashi 8 na dare, sai wadda za ta karɓe ni ta aiko cewa ɗanta ba lafiya. Aka nemi wadda za ta maye gurbinta aka rasa. Da aka dube ni na ce ba komai, zan kwana. A lokacin ba abin da ke faranta mini rai kamar a ce wance akwai juriya.

Wajen ƙarfe 4 na asuba na zuƙi magani a sirinji na nufi gado na 6. Babbar sistar da muke tare, wadda ta haura shekara 20 a aikin, tana zaune tana rubutu. Ta ɗago kai ta ce, "'Yata, dakata. Karanta mini sunan da ke kan katin nan." Na karanta. Ta ce, "To, wane ne a kan gadon?" Maganin na mai gado na 9 ne. Sau biyu na duba katin kafin in zuƙa, idona ya gani, amma abin bai shiga kaina ba. Ta karɓi sirinjin, ba faɗa ba tsawa, ta ce in je in kwanta minti 20, za ta tashe ni.

Abin da ya fi tsorata ni daga baya shi ne a daren nan ko gyangyaɗi ban yi ba. Da an tambaye ni, da na rantse garau nake. An ce jiki magayi, amma akwai matakin gajiyar da in an kai shi, jikin ma ya daina faɗa wa mutum gaskiya, domin ƙwaƙwalwar da za ta auna gajiyar ita ce ta gaji. Wasu masu bincike a Ostireliya sun gwada wannan a 1997. Suka gano cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, saurin hannunsa da kaifin lurarsa kan ragu kamar na mai kashi 0.05 cikin ɗari na barasa a jini, in ya kai awa 24 kuwa abin ya ninka. Ni tun 6 na safe na farka, ke nan awa 22. Da wani ya shigo ɗakin da maye, da ba a bar shi ya taɓa ko da audugar goge jini ba. Ni kuwa da gari ya waye godiya aka yi mini.

Kuma lokacin ma yana da nasa tasirin. Tsakanin ƙarfe 3 da 5 na asuba zafin jiki kan sauka, agogon da ke cikin ƙwaƙwalwa yana janyo mutum zuwa barci ko yana so ko ba ya so. Kofin da muke ta kurɓa toshe saƙon gajiyar kawai yake yi, bashin barcin na nan yana jira.

Kuskuren magani abu ne da ake iya gani a rubuta. Akwai wata ɓarnar da ba ta shiga kowane fayil, kuma ita ta fi ci mini rai. Doguwar gajiya tausayi take fara cinyewa. Na tuna wata uwa da ta zo wurina karo na uku a dare guda tana cewa ruwan da aka sa wa 'yarta ya daina ɗiga. Na juyo na daka mata tsawa, "Ba na ce miki ina zuwa ba?" Ta yi shiru, ta ce, "Yi haƙuri, Sista," ta koma ta zauna a bakin gadon. Ita ce ke ba ni haƙuri, alhali gaskiyarta ce, ruwan ya tsaya. Na shiga aikin nan ne saboda irin wannan matar, ga shi awa 14 a tsaye sun mayar da ita abin da ke damuna. Shekaru sun wuce, har yau ina ganin yadda ta naɗe hannuwanta a cinya. A gida ma haka ne. In na dawo, mahaifiyata na yi mini magana ina amsawa da kai, yara na murnar ganina ni kuwa ƙofar ɗaki nake hange.

Mun taso ana gaya mana haƙuri maganin zaman duniya, kuma gaskiya ne. Sai dai na ga yadda ake fakewa da haƙurin ma'aikaci a toshe gurbin mutum biyu da mutum ɗaya. Wanda ya tsara jadawalin yana gida yana barci, wanda zai biya kuɗin kuskuren yana kwance a gado bai san komai ba. A New York, sai da wata yarinya 'yar shekara 18, Libby Zion, ta rasu a asibiti a 1984 a hannun ƙananan likitocin da aiki ya yi wa yawa, mahaifinta ya tayar da ƙura, sannan jihar ta ƙayyade musu awa 80 a mako a 1989. Awa 80, kuma wannan shi ne sauƙin da aka samu. Alhali tun 1919 yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar ta tsayar wa ma'aikatan masana'antu awa 8 a rana, 48 a mako. A 2021 ƙungiyar da Hukumar Lafiya ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016 ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Da na karanta, abokan aikina na tuna, waɗanda ke auna hawan jinin kowa su manta da nasu.

Abin da na sauya a aikina ba shi da yawa. Na daina tambayar kaina ko na gaji, sai dai in ƙirga awa nawa na yi ban runtsa ba, in kuma faɗa a fili lokacin karɓar aiki. Bayan ƙarfe 2 na dare ba na ba da magani mai haɗari sai wani ya karanta katin tare da ni. In zan miƙa aiki zama nake yi, in bi gado-gado a rubuce, domin a ƙarshen dogon aiki ne mutum ke mance abin da ya fi muhimmanci yana sauri ya fita. Ranar da na kwana aiki ba na tuƙi, tun wata safiya da na farga na wuce mahaɗar hanya ban san lokacin da na wuce ta ba.

Cewa a'a ne ya fi wuya, har yanzu. Ka san in ka tafi, abokin aikinka ne zai ɗauki gado 30 shi kaɗai, kuma gobe da shi za ka haɗa ido. Na rubuta wa masu tsara jadawali ba sau ɗaya ba, wani lokaci a gyara, wani lokaci a ce ba ma'aikata.

A watan jiya wata sabuwar nas da ta wuni a tsaye ta zo ta same ni ta ce, "Anti, ba komai, zan kwana." Na tambaye ta ƙarfe nawa ta farka, ta ce 5. Na buga waya wuri uku, ban samu kowa ba, dole ta kwana. Na karɓi makullin kabad ɗin magani daga hannunta na jefa a aljihuna, na bar mata awon zafin jiki da gyaran gado. Ƙarfe 3 na tura ta ta kwanta, ba ta so ba, tana ta ce mini ita fa garau take.