Mazaɓar Rodney da aka soke

Jiya a garin Echuca, bakin kogin Murray a Ostireliya, wani dattijo mai kiwon shanun madara ya ba ni labarin tsohuwar mazaɓarsu, Rodney. Tun 1856 ta samu kujera a majalisar dokokin jihar Victoria. Ita ta zaɓi John Allan, manomi, wanda ya zama firimiyan jihar, wato shugaban gwamnatinta, a 1924.

A 2014 aka soke mazaɓar. Jama'a sun cika kewayen Melbourne, babban birnin jihar, karkara ba ta ƙaru haka ba, sai aka sake shata iyaka, Echuca ta faɗa sabuwar mazaɓar Murray Plains. Wallahi abin ya sosa min rai. Yanzu wakili guda ne ke ɗaukar koken manoma kan ruwan noman rani, tun daga Echuca har garin Swan Hill.