Silon Corolla ya yi ƙasa: abin da na duba da abin da na samu

Motar Corolla ce ƙirar 2004, mai inji 1ZZ-FE. Da safe takan tashi lafiya lau, amma da ta ɗau zafi, aka taka birki a cunkoson Kwangila ko PZ a Zariya, sai silo, wato juyin inji lokacin da ba a taka totur ba, ya yi ƙasa, allurar da ke nuna juyin inji a minti ta sauko kusan 500, sitiyari ya kama rawa. In an kunna AC kuwa, mutuwa take yi. Wannan injin in ya yi zafi, wajen 700 ya kamata ya tsaya.

A gareji da yawa, maganin da ake fara yi shi ne a ɗaure wayar totur don silo ya hau. Ban bi nan ba, don rufe ciwo ne kawai, ga ƙarin shan mai.

Na fara da iyakilina, wato matatar iskar inji. Ƙurar hunturun Zariya ta mayar da ita ja wur, na canza. Sai sansar iska da ke bayanta, mai sukuru biyu, wadda ke auna iskar da ke shiga inji. Siririyar waya ce a ciki, ba a taɓa ta da hannu ko tsumma. Na fesa mata maganin wankinta, na bari ta bushe. Filogi huɗun ma lafiyarsu ƙalau, tazarar bakinsu milimita 1.1. Silo bai motsa ba.

Aikin yana bakin totur. Idan ka ɗage ƙafa, faifan ciki yakan rufe, sai iska ta bi wata ƙaramar hanya ta gefe, wadda bawul ɗin silo ke buɗewa da rufewa bisa umarnin birenbos, wato kwamfutar mota. Da na kwance, sai ga baƙin datti kamar kwalta, tururin baƙin mai ya haɗu da ƙura ya danƙare. Na sa yatsa na juya bawul ɗin, da ƙyar yake motsi. Shi ya sa in AC ya ƙara wa inji nauyi, ba ya iya ƙara iska da wuri.

A kula da abu biyu. Ƙananan tiyo biyu na ruwan lagireto suna ratsa wurin, don haka a bari inji ya huce kafin a zare su. Sukurorin bawul ɗin kuma masu taushin kai ne. Na cinye kan ɗaya saboda gaggawa, sai da filaya ya fita. Na wanke da maganin kafireta da tsohon buroshin haƙori, ban bari ya shiga ɓangaren wuta ba, na sa sabon gasket.

Da na haɗa, na cire kan batir na ɗan lokaci, na mayar, na bar ta a kunne minti goma ba AC ba fitila. Allura ta zauna a 700, AC ya kama ta ɗan ɗaga kanta.

Da wankin bai yi ba, da na'urar dubawa zan sa. Lambar P0171 na nufin iska ta fi mai yawa, kuma a wannan injin gasket ɗin manifol, wato bututun da ke raba wa inji iska, ya saba yoyo. In ba shi ba ne, a auna famfon mai da geji, ya ba da tsakanin 44 da 50 psi. Corolla ta 2005 zuwa sama yawanci ba ta da wannan bawul, toturinta na lantarki ne, bakin kawai ake wankewa, kuma a hankali ake tura faifan.