Ɓeran da ya saci ƙugiya, da sauran wasannin da suka tsaya a takarda

Makon jiya ne uwargida ta matsa mini lamba in sauke tarkacen da suka yi shekaru a saman kabad, kuma a cikin wata jakar bakko na ci karo da wani littafin rubutu mai shuɗin bango wanda na daɗe da fid da rai da shi. A cikinsa akwai gajerun wasanni goma sha huɗu da na rubuta domin wani shirin talabijin na yara, irin wanda 'yan tsana ke magana a cikinsa suna koyar da baƙaƙe da ƙidaya da tsabta. Mu biyar ne muka ɗauko aikin a nan Jos, mun shafe kusan wata bakwai muna haɗuwa kowace Asabar a wani aji na makarantar da nake koyarwa, kuma har rana mai kamar ta yau ba a ɗauki ko minti ɗaya na shirin a kyamara ba.

Ba haka kawai muka yi wa kanmu wannan dogon buri ba. Duk wanda ya tashi a Jos ya san cewa garin yana da tsohuwar alaƙa da harkar talabijin, domin daga nan ne aka fara watsa shirye-shirye masu launi a Najeriya a 1975, a nan kuma Kwalejin Talabijin ta NTA take a Rayfield, haka ma hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Maƙwabtanmu Tibi na Binuwai suna da wasan kwagh-hir, wanda ake yi da sassaƙaƙƙun 'yan tsana masu motsi, kuma UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2019. Mun ɗauka cewa a irin wannan wuri samun mai ɗaukar hoto da ɗakin ɗauka ba zai gagara ba, kuma a nan ba mu yi kuskure ba. Abin da ya gagara daban ne.

Abin da ya zaburar da ni shi ne Sesame Square, wanda NTA ta fara nunawa a 2011, wato reshen Najeriya na Sesame Street, shirin yaran nan na Amurka da aka soma a 1969. Yarana sun so Zobi, shuɗin direban tasin nan mai son doya, sun kuma so Kami, wadda aka ƙirƙira domin ta rage ƙyamar da ake yi wa masu ɗauke da ƙanjamau. Aiki ne mai kyau, ba ni da abin sukarsa. Sai dai na lura cewa duk shirin da aka fara tunaninsa da wani harshe, ko da an juya shi zuwa Hausa daga baya, akwai wata dariya da ba za ta taɓa fitowa daga cikinsa ba, ita ce dariyar da harshen kansa ke haifarwa. Ita na so in nema.

Wasan da na fi so a littafin shi ne na Ɓera. A dandalin unguwa akwai allon sanarwa, kuma kowace safiya Malam Kunkuru, wanda shi ne mai unguwa, yana liƙa manyan baƙaƙe a kai domin ya shaida wa jama'a abin da ake ciki. Ran nan hunturu ya kama, sai ya rubuta: "Ƙura ta taso." Da dare Ɓera ya fito yana neman abin da zai rataye hularsa, ya hango 'yar ƙugiyar nan da ke kan harafin Ƙ, ya ɓalle ta ya gudu da ita raminsa. Gari na wayewa sai Akuya ta zo ta karanta a hankali, kamar yadda ɗan aji ɗaya ke yi, ta ga an rubuta "Kura ta taso", ta kurma ihu, unguwa ta watse, kowa ya rufe ƙofa. Ita kuwa Kura, wadda a shirinmu tsohuwa ce mai ciwon haƙori da ba ta cin komai sai kunu, ta fito da ƙyalle a hanci saboda ƙurar, tana tari, tana mamakin dalilin da ya sa duk wanda ta gaisar sai ya arce. Daga ƙarshe wata 'yar Kaza ce ta lura cewa harafin ya yi giɓi, aka bi sawu har ramin Ɓera.

Na rubuta masa kashi na biyu, inda Ɓera ya yi nadama ya zo mayar da ƙugiyar amma ya liƙa ta inda ba a sa shi ba. Malam Kunkuru ya rubuta cewa a kai wa amarya kaya, sai aka wayi gari Jaki ya yi lodin ƙaya ya sauke a ƙofar ɗakinta. Akwai na uku a kan baki da baƙi, wanda ban gama ba. Duk malamin da ya koyar da Hausa a firamare ya san wahalar da ake sha kafin yaro ya daina yin biris da ɓ da ɗ da ƙ, musamman yanzu da yake ganin manyansa suna rubutu a waya babu su. Waɗannan haruffa sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, amma har yanzu yara suna ɗaukarsu kamar ado. Yaron da ya ga an sauke wa amarya ƙaya ba zai sake ɗaukarsu ado ba.

Wannan wasa ya mutu ne a wani ofis a Abuja. Ƙungiyar da ta nuna sha'awar ɗaukar nauyinmu ta nemi mu aiko da rubutun cikin Ingilishi domin kwamitinta ya duba, tunda babu mai jin Hausa a cikinsu. Na zauna na yi kwana biyu ina fama, abin da na iya samarwa shi ne shafi guda na wasa da shafi biyu na bayanin dalilin da ya sa abin yake da ban dariya. Amsar da ta dawo, cikin ladabi, ita ce ba su ga darasin ba, kuma suna tsoron kura za ta firgita ƙananan yara. Ban zarge su ba, domin ni ma da na karanta fassarar tawa ban yi ko murmushi ba. Abin da na zarga shi ne tsarin da ke sa a auna abin da aka yi domin yaran Hausa da ma'aunin wanda ba zai taɓa jin ɗanɗanonsa ba.

Sai dai adalci ya sa in faɗi cewa ba duka wasannin ne aka zalunta ba. Wasu ni na kashe su da jahilcina game da yadda 'yar tsana ke aiki. Wanda ya ɗinka mana su wani dattijon tela ne a wajen kasuwar Katako, wanda da farko ya yi ɗari-ɗari da aikin, sai da aka tuna masa da hadisin da ya nuna Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana, muka kuma tabbatar masa cewa dabbobi ne za a yi domin karantar da yara. Da soson katifa ya yi kawunan, ya yi maƙogwaro da kwali, idanu da cokulan roba, hannaye kuma ya ɗaure su da ƙarafan tsohuwar lema. Ranar da ya miƙo mini Kunkuru, ya ce, "Malam, ɗaga shi sama da kanka, ka karanta mini abin da ka rubuta." Na ce, "To, Baba." Kafin in kai rabin shafi kafaɗata ta fara zogi, kan Kunkuru ya fara sunkuyawa kamar mai gyangyaɗi.

A ranar na fahimci abin da ya kamata in sani tun kafin in ɗauki biro. Mai sarrafa 'yar tsana a talabijin yana ɓoye ne a ƙasa, hannunsa na dama a miƙe sama cikin kan 'yar tsanar, babban yatsa yana riƙe da haɓa, hannun hagu yana juya ƙarafan hannayenta. Ba ya kallon 'yar tsanar, ƙaramin talabijin da aka ajiye a gabansa yake kallo, kuma hoton da ke ciki ba kamar na madubi ba ne, saboda haka idan ya karkata dama sai ya ga kamar ya yi hagu, sai ya yi makonni kafin hannunsa ya saba. Baki kuma dole ya buɗe sau ɗaya a kan kowace gaɓa. Idan ana so 'yar tsana ta ɗauki wani abu da hannunta, to, sai an yi mata hannu irin na safa, kuma galibi sai an ƙara mutum na biyu.

Wannan ne ya karya wasan da na rubuta a kan kasuwar Farin Gada. Zomo yana sayar da dankalin Turawa da sanyin asuba, irin sanyin Disamba na Jos da ke sa haƙora kaɗawa. Duk mai saye da ya tambaye shi nawa ne, sai ya rungume jikinsa ya ce "Ɗari!", yana nufin sanyi, su kuma su fara ƙirga masa dankali har ɗari su ga ko ya cika. A rubuce kalmomin biyu ɗaya suke, a baki ne ake jan wasalin farko idan sanyi ake nufi, kuma na so yara su ji wannan bambanci da kunnensu. Amma na rubuta cewa za a ƙirga dankalin ɗaya bayan ɗaya, Zomo yana ɗauka yana ajiyewa da hannayen ƙarfen lema waɗanda ko tsinke ba sa iya riƙewa. Wata abokiyar aikinmu, wadda 'yar Birom ce kuma ta fi mu duka sanin lissafin ƙananan aji, ita ta gyara shi, ta ce a riƙa kasa dankalin kashi-kashi, goma-goma, kamar yadda matan kasuwa ke yi, yara su ƙirga kashi goma su kai ɗari. Gyaranta ya fi asalin wasan, domin ya koyar da abin da ake kira gurbin goma ba tare da an ambaci sunansa ba. Mun gwada shi a gaban 'yan aji biyu, waɗanda cikinsu akwai Afizere da Angas da Fulani da Ibo, dukansu da Hausa suke wasa a filin makaranta, kuma sun yi dariya a daidai inda muka so. Bai wuce wannan gwajin ba.

Gizo kuwa bai ko kai gwaji ba. Ƙafafu takwas sun fi ƙarfin mutum biyu, kuma tsamin bakinsa, wanda shi ne rabin daɗin tatsuniya, bai dace da shirin da ke koyar da furuci ba, ga shi kuma a kowane aji akwai yaron da ake tsokana da irin wannan magana. Wasan Ƙuda da wanke hannu ya zama wa'azi tsantsa, na karanta shi makon jiya na ji kunya. Na ruwan gishiri da sukari mun ajiye shi da gangan, domin awon magani ba abin da za a cusa cikin raha ba ne.

Akwai guda ɗaya da har yanzu nake juyawa a raina. Haƙar kuza, wadda ita ta kafa Jos tun farkon ƙarni na 20, ta bar ramuka birjik a kewayen Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, waɗanda ruwa ya cika suka zama tafkuna. Daga nesa ruwan a kwance yake gwanin sha'awa, amma gaɓarsa a tsaye take, zurfin yana farawa tun daga baki, ƙasan kuma laka ce. Kowace unguwa da ke kusa da irin wannan wuri tana da labarin yaron da ya je wanka bai dawo ba. Na rubuta wasa inda ɗan Akuya ya bi ƙwallonsa zuwa bakin tafki, Kwaɗo ya leƙo ya hana shi, ya ɗauko doguwar gora ya zura domin ya nuna masa cewa ba ta taɓa ƙasa ba, ya haɗa ta da wata gorar, har yanzu dai shiru. A ganina darasi biyu ne a dunƙule, na kiyaye rai da na awon tsawo.

Na yi wa 'yata wasan a tsakar gida, tana da shekara biyar a lokacin, na sa baho a matsayin tafki da muciya a matsayin gora. Ta kalla da idanu waje har na gama. Na tambaye ta abin da ta koya, sai ta ce, "Abba, idan mun je gidan Gwaggo a Bukuru, za ka ba ni sanda in auna?" A daren na ja layi biyu a kan shafin. Gargaɗin Kwaɗo ya wuce ta kunnenta, abin da idonta ya riƙe shi ne tsayawa a bakin ruwa da sanda a hannu, kuma da an watsa wannan a talabijin, da ni ne na koya wa yara da yawa wani sabon wasa a wuri mafi haɗari. Na gwada sake rubuta shi sau uku, ta yadda ba za a nuna kowa kusa da ruwan ba, amma duk lokacin da na kawar da tafkin daga hoto sai wasan ya koma magana kawai, kuma har yau ban gano yadda za a yi shi ba.

A ƙasan jakar, ƙarƙashin littafin, na tarar da Kura. Sosonta ya fara zama gari, ido ɗaya ya ɓalle, amma baki yana buɗewa. Ranar Asabar na kai ta wurin Baba tela, wanda yanzu jikansa ne ke zura masa zare a allura. Ya juya ta, ya matsa kan da yatsa, ya ce soson ya mutu sai an sake sabo, amma ƙyallen zai yi. Ya tambaye ni ko an samu masu kuɗin ne, na ce masa a'a, 'yan ajina ne za su yi taron ƙarshen zango, ina so in yi musu na Ɓera a bayan tebur. Ya ce in dawo bayan sati biyu, in kuma taho da cokalin roba fari.