Gidan yari a filin tsohuwar masana'antar gawayi

Ina cikin masu gwajin ƙasa da aka ɗauka lokacin gina sabon gidan yarin ƙaramar hukumar Marion a Indianapolis ta Amurka, kuma filin da aka zaɓa ba irin wanda kowa zai so ba ne. Tsohuwar masana'anta ce a unguwar Twin Aire inda aka kusa shekara 100 ana gasa kwal ana fitar da gawayin kwal da gas, sai 2007 aka rufe ta. A 2017 magajin gari Joe Hogsett ya ce nan za a kai gidan yari da kotuna da ofishin sherif (jami'in tsaron da ke kula da gidan yarin ƙaramar hukuma) duk wuri ɗaya.

To matsalar tana ƙasa. Ka huda rami ka ciro samfur, sama-sama ƙasa ce lafiya lau, ka ƙara nitsa kaɗan sai ga baƙin abu mai danƙo kamar kwalta, warin ya bi safar hannunka har cikin mota. Irin wannan ba a kwashe ta a tifa a zubar inda aka ga dama, sai lab ta faɗi abin da ke ciki tukuna, ga rafin Pleasant Run a gefe dole a kula kar ruwan sama ya wanke dattin ya kai can. Masu kankare kam haushinmu suke ji, su suna son zuba fandisho mu muna cewa a dakata sakamako bai fito ba.

Abin da na riƙe shi ne, ma'aikacin ofis awa takwas zai yi ya tafi gida, amma wanda aka kulle nan yake kwana nan yake tashi, ba shi da ikon buɗe taga, kuma da yawansu ma ba a yanke musu hukunci ba jiran shari'a suke. Gini ne mai gado wajen 3,000. Shi ya sa duk inda bututu ya ratsa daɓe nake tsayawa sai na ga an liƙe shi da idona, don ta nan tururin dattin da ke cikin ƙasa ke samun hanyar shiga, kuma in mutane suka tare ba mai zuwa ya fasa daɓen ɗakin fursuna ya gyara.

Farkon 2022 aka kwaso fursunoni daga tsakiyar gari. Kotu na manne da ginin, kai mutum gaban alƙali ba sai an sa shi a mota ba.