Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Na Kwance Tsohuwar Wayata a Gaban Ɗalibai

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri na makara wannan satin, takardun jarabawa ne suka sha min kai. Mun tsaya ne a inda aka ɗora min darasin ma'adanai bayan an yi wa mai koyar da shi canjin wurin aiki, ni kuwa abin da na sani a kai bai wuce na cikin littafi ba.

Satin farko haka na yi ta cika allo da rubutu, kuza a Jos, kwal a Inugu, yuraniyam a Arlit ta Nijar, jan ƙarfe a Chile, yara na kwafa suna hamma, ko mutum ɗaya bai ɗaga hannu ba. Ni kaina wallahi barci nake ji. Sai wani dare ina neman wani abu a durowa na ci karo da wata tsohuwar wayata da ta daɗe da mutuwa, na jefa ta a jaka tare da ɗan sukundireba.

Da safe ban rubuta komai ba, na ɗora ta kan tebur na fara kwancewa, kafin na cire murfin aji ya taso ya zagaye ni har da masu gyangyaɗin nan na layin baya. Na nuna musu ɗan ruwan ɗorawar da ke bakin inda ake sa sim na ce zinare ne fa wannan, an shafa shi siriri don ba ya tsatsa. Kai, ka ga idanu! Ƙananan ɗigon nan masu sheƙi da aka liƙe kayan ciki da su akwai kuza a ciki, layukan da wuta ke bi jan ƙarfe ne, batirin kuma litiyam ne da kobalt, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ake haƙo shi. Gilashin fuskar ma asalinsa yashi ne. Daga nan su da kansu suka ɗauka, wannan ya nuna kwanon rufi na ce ƙarfe ne aka lulluɓe da tutiya, wancan ya buga bango na ce siminti, dutse ne aka fasa aka gasa aka niƙa. Wata yarinya ta ce "Malam, to tukunyar mamana fa?" Na ce alminiyam, daga wata jar ƙasa da ake kira boksait, Gini na cikin manyan masu fitar da ita. Har aka kaɗa ƙararrawa ba su ji ba.

To nan ne kaina ya kumbura, na ga na iya. Sati na gaba na zo da labarin gubar dalma ta Zamfara. Shekarar 2010 ne abin ya fito fili a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mutane na kawo dutsen zinare cikin gida ana daka ana niƙa, ashe cike yake da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida, yara masu rarrafe na sa hannu a baki, sama da yara 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shiga ba da magani, aka riƙa kankare ƙasar gidaje ana zuba sabuwa, ƙauyen Bagega kam sai 2013 aka yi nasa aikin. Duk wannan gaskiya ne. Amma cikin zafin magana sai bakina ya suɓuce na ce masu haƙar nan son kuɗi ne ya rufe musu ido har suke kashe 'ya'yansu.

Da aka tashi kowa ya fita sai yaro ɗaya, mai shiru-shiru, yana tsaye bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Malam, babana ba mai kisa ba ne. Da kuɗin ramin nan yake biya min makaranta."

Na rasa inda zan sa kaina. Ni da nake ta kurin haɗa darasi da rayuwar ɗalibai, ban ma tambaya ko akwai ɗan mai haƙa a ajin ba. Na ce zauna ɗana, ka yafe min, na yi kuskure. Na ce ya gaya min yadda suke aikin, kuma wallahi ranar shi ne malamin. Ya bayyana min yadda ake wanke garin dutsen a faranti ana juyawa har mai nauyi ya kwanta a ƙasa, a zuba zaiba ta kama zinaren ya dunƙule, a matse a tsumma, sannan a ƙona ɗan curin zaibar ta tashi a bar zinare. Na ce a ina ake ƙonawa? Ya ce wani lokaci a ɗaki, don kar a gani.

Gabana ya faɗi, don tururin zaiba ba shi da wari ballantana mutum ya kauce, kuma ƙwaƙwalwa da ƙoda yake taɓawa. Na yago takarda na ba shi ya rubuta da hannunsa: kar a kawo dutse gida, a jiƙa shi kafin a niƙa don kar ƙura ta tashi, a bar kayan aiki can a yi wanka kafin a ɗauki yaro, ƙona zaiba kuma ban da cikin ɗaki, nesa da yara da masu ciki. Ya ninke ta ya sa a aljihu bai ce komai ba.

Kwana uku bayan nan ina tsakiyar darasi mai gadi ya leƙo ya ce Malam wani dattijo na sallama da kai a bakin get, ya ce shi ne baban yaron nan, kuma takardar na hannunsa. Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.